Ƙungiyoyin Ƙwadago na Farko da Ƙasar da Dogo Bai Kai Ba

A tsakar daren 21 ga Yuni, 1945, ma'aikatan reluwe na Legas suka ajiye aiki. Kafin gari ya waye sosai na gidan waya da na tashar jiragen ruwa da na ma'aikatar ayyuka sun bi sahu. Bukatarsu a taƙaice take: a ƙara musu kashi 50 cikin ɗari a kan alawus ɗin tsadar rayuwa, kuma kada leburan gwamnati ya karɓi ƙasa da sule biyu da sisi a yini. Yaƙin Hitila ya cinye darajar albashi, Turawan da ke aikin gwamnati an yi musu ƙari, baƙar fata kuwa aka ce ya yi haƙuri. Mutum sama da 30,000 suka shiga wannan yajin aiki, aka yi kwana 44 ana ja a Legas, a wasu larduna ma ya zarce haka. Matan kasuwa suka riƙa tallafa wa masu yajin da abinci, masu gidajen haya da dama suka ɗaga musu ƙafa. A 1946 hukumar Tudor Davies ta amince cewa ma'aikatan suna da gaskiya, aka biya ƙarin.

Wanda ya bi sawun wannan yaji a kan taswira zai ga layin dogo ya bi. Daga Legas ya hau Badun, ya wuce Kaduna da Zariya da Kano, ya ratsa Jos da Inugu da Fatakwal. Dogo ya isa Kano a 1911, reshensa da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙara taku ɗaya zuwa yamma ba. Jega, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa, wadda a ƙarni na 19 take cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya, inda ayarin fatake masu zuwa Gwanja ɗauko goro suke yada zango, ta zauna nesa da wannan layi. Haka Aliero, haka Maiyama, duk a masarautar Gwandu. Ba ƙarancin masu zufa aka yi a wannan yanki ba. Abin da babu shi ne taron mutane masu karɓar albashi daga hannun ubangida ɗaya a rana ɗaya, kuma a kan irin wannan taro kaɗai aka gina haɗaɗɗun ƙungiyoyin ƙwadago na farko. Masu rubuta tarihinsu sun fi damuwa da yawan rabuwar kan shugabanni. A ganina ƙuncin tushen da aka ɗora ginin a kai ya fi rabuwar kan illa, domin rabuwar an yi maganinta, ƙuncin kuwa yana nan.

Ƙungiya ta farko da aka sani ita ce ta ma'aikatan gwamnati da aka kafa a Legas a watan Agustan 1912, ta akawuna masu rubuta takardar koke cikin ladabi. A 1931 malaman makaranta suka kafa tasu, NUT, Rabaran I. O. Ransome-Kuti yana shugaba, a daidai lokacin da masu aikin hannu na reluwe su ma suka ware suka yi tasu. Sai a 1938 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar da ta halatta ƙungiyoyin, ta fara aiki a 1939. A cikin wannan doka akwai wani sharaɗi da ya yi wa tafiyar dabaibayi na shekara arba'in: mutum biyar sun isa su yi rajistar ƙungiya. Kowane kanti, kowane sashe na ma'aikata, kowane ɗan kamfani ya samu tasa, da shugaba da sakatare da ma'aji, ba asusu, ba ƙarfin tunkarar kowa. Dole ta sa aka nemi inuwa ɗaya. A Nuwamban 1942 aka kafa tarayyar ƙungiyoyi ta farko, a Yulin 1943 ta koma TUC, T. A. Bankole yana shugaba, M. A. Tokunboh yana sakatare. Ita ce uwar ƙungiya ta farko da ta ce da yawun ma'aikatan Nijeriya duka take magana.

Shekara biyu kacal aka yi aka gane inda ƙarfin yake. Michael Imoudu, shugaban 'yan reluwe, wanda Turawa suka tsare a lardin Benin tun farkon 1943, ya dawo Legas makonni kaɗan kafin wa'adin yajin 1945 ya cika. Bankole da mutanensa suka nemi a ɗaga wa'adin da mako biyu don a ci gaba da magana da gwamnati. Ma'aikata suka ƙi, suka bi Imoudu. Daga ranar aka samu layi biyu a cikin gida ɗaya: masu cewa ƙungiya ta tsaya a kan albashi da sharuɗɗan aiki, a zauna a teburi a yi ciniki, da masu cewa ubangidan da ake ciniki da shi shi ne mai mulkin mallaka, don haka neman ƙarin sisi da neman 'yancin ƙasa abu ɗaya ne. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba a iya turewa da hannu ɗaya. Gwamnati ce babbar mai ɗaukar ma'aikata, wannan gaskiyar Imoudu ce. Jam'iyya kuma idan ta samu abin da take so tana iya juya wa ma'aikaci baya, wannan fargabar su Bankole ce, kuma abin da ya faru bayan 1960 bai ƙaryata su ba.

A kan wannan batu TUC ta tsage. Ta kasance cikin ƙungiyoyin da suka shiga jam'iyyar NCNC ta su Herbert Macaulay da Azikiwe, a ƙarshen 1948 aka kaɗa ƙuri'ar fita, masu adawa da fitar suka ɓalle a 1949 suka kafa NNFL a ƙarƙashin Imoudu da Nduka Eze. Jini ne ya sake haɗa su. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu haƙar kwal a Iva Valley da ke Inugu, suka kashe 21, suka raunata 51. Fushin wannan ta'asa ya haifi sabuwar uwar ƙungiya, NLC ta farko, a 1950. Ba ta yi shekara guda da ƙarfinta ba. Ma'aikatan kamfanin UAC sun yi yaji a Agustan 1950 sun ci nasara, suka sake yin wani a Disamba ba da shiri ba, kamfanin ya karya su, uwar ƙungiyar ta rushe tare da su. Yana da kyau mai karatu a Arewa ya lura da abu ɗaya a nan. UAC da ire-irensa su ne masu sayen gyaɗa da auduga da fata daga hannun manoman Arewa a farashin da ba manomin ya yanka ba. Akawun da ke bayan sikeli yana da ƙungiya. Mutumin da ya ɗoro buhu a jaki ya kawo gaban sikelin ba shi da ita, kuma babu wata uwar ƙungiya da ta ga cewa tattara shi aikinta ne.

Abin da ya biyo baya jerin haɗewa da warewa ne da ke gajiyar da mai karatu. Sabuwar uwar ƙungiya, ANTUF, a 1953, a ƙarƙashin Imoudu da Gogo Chu Nzeribe. Ɓallewa a 1957. Sulhu a 1959. Wata ɓallewar a 1960. Taron haɗin kai a Badun a 1962 da ya watse da ƙungiyoyi biyu. A lokacin rigimar ta samu sabon mai hura wuta. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya da aka kafa a Faris a 1945 ta rabu a 1949, ɗaya tana kallon Mosko, ɗaya tana kallon Landan da Washinton, kowace tana da kuɗi da guraben karatu da tikitin jirgi. Ƙungiyar da mambobinta ba sa biyan kuɗin wata, wadda sakatarenta bai san inda albashinsa zai fito ba, ba ta da bakin ƙin irin wannan kyauta. Ya zuwa tsakiyar shekarun 1960 uwayen ƙungiya huɗu ne a Legas: ULC ta H. P. Adebola, NTUC ta Wahab Goodluck, NWC mai alaƙa da ƙungiyoyin Kirista na Turai, da LUF ta Imoudu da Nzeribe.

To, a lardin Sakkwato, wanda masarautar Gwandu take cikinsa, wa yake aikin albashi a wancan zamani? Ma'aikatan En'e ne mafi yawa: malaman makaranta, malaman haraji, malaman asibiti da na daji da na dabbobi, 'yan doka, leburorin hanya. Ubangidansu ba kamfanin da ke Landan ba ne. Sarki ne da majalisarsa, da hakimi, da Razdan a bayansu. Wanda ya ajiye aiki a irin wannan wuri ba a ce masa mai neman haƙƙi, mai tsaurin ido ake ce masa, kuma kotun da za ta saurari ƙararsa ta En'en ce. Sau da yawa ma dangantaka ce ko alfarmar wani babba ta ba shi aikin. Saboda haka jarumtaka ce ta gaske da Malam Aminu Kano da abokansa suka kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, ba tare da sun jira NUT ta Legas ba. A Maru, cikin lardin Sakkwato, Malam Aminu ya yi aikin koyarwarsa na ƙarshe kafin ya ajiye alli a 1950 ya shiga siyasa ka'in da na'in. Kafin shi Raji Abdallah, ma'aikacin gidan waya a Kano, ya rasa aikinsa saboda irin wannan fafutuka. A Arewa ƙorafin talaka bai samu ƙofar ƙungiyar ƙwadago a buɗe ba, sai ya bi ta jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, inda teloli da mahauta da 'yan koli da malaman zaure suka samu wurin zama.

Sauran masu aikin ƙarfi kuwa ba su zauna wuri ɗaya ba balle a yi musu rajista. Tsakanin 1942 da 1944, a daidai shekarun da ake kafa TUC a Legas, gwamnati tana ɗiban dubban manoma daga lardunan Arewa ta hannun hakimai da dagatai tana tura su haƙar kuza a tsaunukan Jos bisa tilas. Sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa, wasu suka gudu. Wannan shi ne zalunci mafi muni da aka yi wa mai aikin ƙarfi a Nijeriya lokacin yaƙin, kuma ya faɗa ne a kan mutanen da ba su da katin kowace ƙungiya. Sai kuma 'yan cirani. Da an gama girbi samarin lardin Sakkwato suke kama hanya ta Yawuri da Jaba zuwa gonakin koko na ƙasar Yarbawa, wasu har Kumasi da Ankara, su yi dako da ga-ruwa da aikin gona, su dawo da kuɗin haraji da na aure kafin ruwa ya sauka. Yawansu ya kai har wani masani, Mansell Prothero, ya yi nazari na musamman a kansu a shekarun 1950. Mai kare ɗan cirani a can shi ne maigidan da ya sauke shi a zango da Sarkin Hausawan garin. A gida kuma kowace sana'a da shugabanta tun kafin zuwan Bature: Sarkin Pawa, Sarkin Maƙera, Sarkin Aska, Sarkin Dillalai. Tsari ne mai sasanta rigima da tsare mutuncin sana'a, amma daga sama ake naɗa shi, kuma ta hannunsa ake karɓar haraji. Ba a yi shi don ya ce wa hukuma a'a ba.

Akwai kuma maganar da ba a cika son faɗa ba. Mafi yawan masu katin ƙungiya a Kano da Kaduna da Zariya da Gusau mutanen Kudu ne mazauna Sabon Gari, domin su ne suka riga samun ilimin boko da koyon aikin injin. Da gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati tun tsakiyar shekarun 1950, matashin da ya fito daga midil ya ga cewa gwamnatin Kaduna ce take buɗe masa ƙofa, ƙungiyar ƙwadago kuwa tana tsaron kujerar wanda ya riga shi zama. Da wuya a ce masa ya yi kuskuren lissafi. A wannan yanayi aka samu ƙungiyar masu haƙar ma'adinai ta 'yan Arewa a Jos, sannan a farkon shekarun 1960 Ibrahim Nock ya kafa tarayyar ƙwadago ta Arewa, wadda ta samu karɓuwa a wurin masu mulki. Asarar ta kowa ce: uwayen ƙungiyar Legas suka rasa rabin ƙasa, ma'aikacin Arewa kuma ya samu ƙungiyar da ba ta iya ɗaga murya a gaban wanda ya raine ta.

Maƙwabtanmu na hayin iyaka sun gwada wata hanya. Djibo Bakary a Nijar ta ƙungiyar ƙwadago ya taso, amma bai tsaya a kan ma'aikatan ofis ba. Direbobi da yaran mota da leburori da masu ƙananan sana'o'i ya tattara, su suka zama ƙashin bayan jam'iyyar Sawaba, har ya jagoranci gwamnatin yankin a 1957. Faransa ta ga bayansa bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1958, aka haramta Sawaba a 1959. Bai yi nasara ba, amma ya nuna cewa mutanen tasha da kasuwa suna taruwa idan an je inda suke.

Duk da rarrabuwarsu, uwayen ƙungiyar Nijeriya sun sake haɗa kai sau ɗaya sun girgiza ƙasa. Ranar 1 ga Yuni, 1964, kwamitin haɗin gwiwarsu ya kira yajin gama-gari saboda gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta yi ta jan ƙafa a kan rahoton hukumar Mai Shari'a Morgan a kan albashi. Kusan mako biyu komai ya tsaya, an ƙiyasta mutum wajen 800,000 suka shiga. Hukumar ta ba da shawarar mafi ƙarancin albashi na fam 12 a wata a Legas, gwamnati ta rage, aka daidaita a fam 10. Sai dai albashin shiyya-shiyya aka yanka shi, yana raguwa gwargwadon nisan mutum da manyan birane, karkara tana can ƙasa. Leburan hanya a Maiyama da na Apapa rana ɗaya take dukansu, farashin zufarsu ya bambanta da izinin yarjejeniyar da shugabannin ƙwadago suka amince da ita.

Haɗin kai na dindindin a maƙabarta aka fara ƙulla shi. A Satumban 1974, wurin jana'izar J. A. Oduleye, ma'ajin ULC, a maƙabartar Apena da ke Legas, shugabannin ɓangarori huɗu suka yi alkawarin narkewa su zama ɗaya. A Disamban 1975 suka ƙaddamar da sabuwar NLC, Wahab Goodluck yana shugaba. Gwamnatin soja ta ƙi amincewa da ita, ta kafa kotun bincike ta Mai Shari'a Adebiyi wadda ta tono maganar kuɗin ƙasashen waje, aka haramta wa mutum 11 harkar ƙungiya, har da Imoudu da Goodluck. Aka ɗauki ƙananan ƙungiyoyi wajen dubu aka narkar da su zuwa 42, kowace sana'a da tata guda, aka ƙaddamar da NLC ta yanzu a Badun ranar 28 ga Fabrairu, 1978, Hassan Sunmonu yana shugaba, Aliyu Dangiwa yana sakatare. Abin takaici ne a ce dokar soja ce ta yi abin da shekara 35 na taruka suka kasa yi, kuma hannun da ya ɗaura tsintsiyar shi ya kwance ta sau biyu, Babangida a 1988, Abacha a 1994. Amma dokar ta zo da abu guda da ya canja komai: a riƙa cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi. Daga nan ƙungiya ta daina miƙa hannu waje. A Mayun 1981 NLC ta yi yajin da ya kai ga dokar mafi ƙarancin albashi ta Naira 125 a zamanin Shagari, a shekarar kuma ranar ma'aikata ta zama hutu a ƙasa baki ɗaya, bayan da gwamnatin Abubakar Rimi ta fara ba da shi a Kano a 1980.

A wannan zangon ne ƙungiyar ƙwadago ta iso garuruwa irin su Jega da Aliero da Maiyama da ƙafarta. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya maye gurbin En'e, shirin ilimin firamare kyauta na shekarar ya cika ƙauyuka da malaman makaranta, tsarin 1978 ya sa kowane malami ya zama ɗan NUT, ma'aikacin sakatariya ɗan NULGE, na asibiti da tasa, direbobin tasha kuma suka shiga NURTW. Shi ya sa manyan 'yan ƙwadagon da masarautar Gwandu ta fitar daga aji suka fito, ba daga masana'anta ko ramin ma'adinai ba. Farfesa Attahiru Jega ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, daga 1988 zuwa 1994, a shekarun da soja suka haramta ta har sau biyu. Yarjejeniyar da suka matsa aka yi a 1992 ita ta haifi asusun harajin ilimi a 1993, wanda ya zama TETFund, kuma jami'o'in jihohi irin ta kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 suna cikin masu cin gajiyarsa. Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, ya riƙe NUT ta ƙasa da mataimakin shugaban NLC kafin ya zama gwamnan Kebbi a 2023, kuma da aka sa mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000 a 2024, jihar ta amince da 75,000. Waɗannan ribobi ne na gaske, duk wanda ya raina su bai taɓa jiran ƙarshen wata ba.

Amma mutum nawa ne a waɗannan ƙananan hukumomi uku suke jiran ƙarshen wata? Arziƙin Aliero albasa ne. Akwai mai dashe, da mai ban ruwa, da mai cira, da matan da ke tsince ta suna ware ruɓaɓɓiya, da mai ɗinke buhu, da ɗan dakon da ke loda tirela mai tafiya Kudu. A fadamun Jega da gonakin Maiyama akwai 'yan ƙwadagon da ake ɗauka da safe a sallame su da azahar, farashinsu yana hawa da sauka da yawan waɗanda suka fito neman aiki a ranar. Dokar mafi ƙarancin albashi da kanta ta fitar da su da baki: ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta hau kan wanda ake biya da jinga ko kamasho ba, ba ta hau kan aikin da ake yi lokaci-lokaci irin na gona ba. Idan kuma aka yi ƙarin albashi, 'yan kasuwa suka ɗaga farashi kamar yadda aka gani bayan ƙarin albashin Udoji a 1975, ɗan dako yana biyan sabon farashin ba tare da ya ga ƙarin ba.

Ƙarfin da ke hannun ɓangaren da ba ya cin albashi ya bayyana a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan kayan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun. Cikin 'yan kwanaki farashin albasa da tumatir da nama ya tashi a Legas, sai da aka shiga tsakani aka janye. Wannan yaji na masu kaya ne, diyyar dukiya da rayukan 'yan kasuwa aka nema, kuma suna da haƙƙin nema. A kwanakin da aka yi motoci suna tsaye, mai loda buhu da mai ciran albasa ba su samu aikin yi ba, kuma a cikin bukatun da aka kai teburin sulhu babu ladan yininsu.